Harsuna Biyu Ba Su Rikita Yaro: Abin da Ƙirƙirarrun Harsuna Suka Nuna

Iyayenmu da ke nan, malamanmu na lakwal da na allo, ƴan uwana matasa maza da mata, na nan cikin Madawa da waɗanda suka sha hanya daga Buza da Kaita, barkanku da zuwa, sannunku da ƙoƙari.

Akwai wata magana da kowa cikinmu ya taɓa ji, wasu ma sun taɓa faɗin ta da bakinsu: wai yaron da ya tashi da harshe biyu ko uku kansa rikicewa yake yi, shi ya sa ba ya kama Faransanci a lakwal. Saboda wagga magana, akwai iyaye a Tawa da Yamai da suka daina yi wa ɗiyansu Hausa ko Tamajak a gida. Saboda ita aka rataya wa yara sambol a wuya, aka doke su don sun yi harshen uwarsu a filin makaranta. Saboda ita ake kallon yaron ruga da na zango kamar wanda ya zo aji da nakasa. To yau ina so mu ɗauki maganar mu auna ta, mu ga ko tana da nauyi. Ma'aunin kuwa wani abu ne da masana suka daɗe suna aiki da shi: harshen da aka ƙirƙira da gangan don gwaji.

Ku fara sanin cewa zancen rikicewa ba a ƙasarmu aka haife shi ba. A 1923 wani mai bincike, D. J. Saer, ya gwada yaran yankin Wales a Birtaniya, masu jin harshensu da Ingilishi, ya ce harsuna biyu na rikita tunani. An yi ta yawo da wannan hukunci kusan shekara arba'in. A 1962 sai Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka sake gwajin a birnin Montreal na Kanada, a kan yara ƴan shekara goma. Su sun kula da abin da na farko ba su kula da shi sosai ba: suka haɗa yaran da halin gidajensu ya yi kusa da juna, kada a gwada ɗan talaka da ɗan mai hali sannan a ɗora wa harshe laifi. Da aka yi haka, masu harshe biyu ba su zo baya ba, a gwaje-gwaje da yawa ma su ne a gaba.

Amma akwai wahala wajen auna irin wannan abu da harshe na gaske. A ce muna son mu san wa ya fi saurin kama nahawun Faransanci tsakanin yaron Tamaske mai Hausa da Tamajak da yaron Bangi mai Hausa kaɗai. Ɗaya wansa mushe ne, ɗaya gidansu akwai talabijin, ɗaya ubansa ya yi shekaru a Abijan. Ba ka san abin da kowanensu ya riga ya ji ba. Dabarar da masana suka fito da ita mai sauƙi ce: a ƙera ɗan ƙaramin harshe wanda ba na uban kowa ba, mai kalmomi kaɗan da dokoki sanannu, a koya wa kowa a wuri guda, cikin lokaci guda. Kowa ya tashi daga sifiri. Duk bambancin da aka gani daga baya, ba za a ce daga gida aka zo da kalmomin ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Arthur Reber, ya yi suna da irin wannan gwaji tun 1967, inda ya nuna mutane na iya kama doka ba tare da sun iya faɗin ta ba.

Gani ya kori ji. Bari mu gwada yanzu, da harshen da na haɗa don wannan zama. Ku saurara.

"Pelu mik kipe", ma'anarsa akuya ta ga kare.
"Mik pelu kipe", kare ya ga akuya.
"Pelu zon kipe", akuya ta ga yaro.
"Zon mik nebo", yaro ya kori kare.

To, yaya za a ce kare ya kori akuya? Na tabbata da yawanku kun riga kun faɗa a ranku: "Mik pelu nebo." Wa ya gaya muku mik shi ne kare? Wa ya ce muku a wannan harshe aikatau ƙarshen jimla yake zuwa, alhali a Hausa tsakiya yake zama? Ban rubuta doka a tablo ba, ban sa ku haddace komai ba. Jimla huɗu kuka ji tare da ma'anarsu, kanku ya ware mai aiki, da wanda aka yi wa aikin, da aikin kansa. Abin da masana ke aunawa ke nan, sai dai su da na'urori da lissafi.

Kuma kada mu ɗauka ƙirƙirar harshe baƙon abu ne gare mu. Wa bai san zaurance ba? Ƴan mata kan zauna su yi ta magana, suna cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tada fidi", babba na zaune bai gane komai ba. Ƙanwarsu ƴar shekara bakwai ta saurara kwana biyu, sai ka ji ta shiga ciki. Ba mai koya mata. Wata ƴar ƙasarmu masaniyar harshe, Farfesa Ousseina Alidou, a kan irin waɗannan wasannin harshe na harsuna shida na Nijar ta yi digirinta na dakta a jami'ar Indiana ta Amurka a 1997. Abin da muke gani wasan yara, ilimi ne da ake samun babban digiri a kansa.

Ga wani gwajin. A ce akwai wani kayan aiki da ake kira "zalta". Babu wannan kalma a Hausa, yanzu na yi ta. In suna da yawa fa? Da yawanku za ku ce "zaltoci". Da wuya a samu mai cewa "zaltoti". Me ya sa? Don kanku ya san cewa a irin wannan wuri t kan koma c, kamar mota da motoci, kamar yadda z ke komawa j a kaza da kaji, s ta koma sh a ƙasa da ƙasashe. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba ta san wannan doka sarai. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta yi wa yara ƙanana irin wannan gwaji da kalmar da ta ƙirƙira, "wug", suka ba ta jam'inta daidai da dokar Ingilishi. Nahawu ba a littafi yake farawa ba, a kai yake farawa.

Tun yaushe yake farawa? A 1996 Jenny Saffran da Richard Aslin da Elissa Newport, a jami'ar Rochester ta Amurka, suka kunna wa jarirai ƴan wata takwas wata murya da ke jero ƙirƙirarrun kalmomi huɗu, kowace mai gaɓa uku, a manne da juna, ba tsayawa ba numfashi. Minti biyu kacal. Bayan nan aka gwada jariran, aka tarar suna bambance kalmomin da ke cikin harshen da gaɓoɓin da aka haɗa ba bisa tsarinsa ba. Jariri yana lura da gaɓar da ta saba bin wata gaɓa, da haka yake gano inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Wanda ke goye a bayan uwarsa tana sayar da albasa a kasuwa, aikin da kansa ke yi ke nan duk yini.

To masu jin harshe biyu tun daga goyo fa? A 2009 Ágnes Kovács da Jacques Mehler, a birnin Trieste na Italiya, suka gwada jarirai ƴan wata goma sha biyu. Suka ƙera kalmomi iri biyu. Iri na farko gaɓa biyun farko ɗaya ne, kamar a ce "ba-ba-mi". Iri na biyu gaɓar farko da ta ƙarshe ne ɗaya, kamar "ba-mi-ba". In an ji iri na farko, abin wasa kan fito a gefe ɗaya na allon kwamfuta. In an ji na biyu, ya fito a ɗaya gefen. Na'ura na bin idon jariri don a ga inda yake sa ran fitowar abin wasan. Jariran da ke jin harshe ɗaya a gida suka kama tsari ɗaya. Masu jin harshe biyu suka kama duka biyun, cikin lokaci guda. Ina rikicewar take?

Mu koma ga manya. A 2002 Angela Friederici da abokan aikinta a Jamus suka wallafa bincike da wani harshe da suka ƙera mai suna Brocanto. Daga baya Kara Morgan-Short da Michael Ullman da abokan aikinsu a jami'ar Georgetown da ke birnin Washington suka gyara shi, suka kira shi Brocanto2. Kalmominsa goma sha uku ne. Yana da jinsin namiji da na tamace kamar Hausa, aikatau kuma a ƙarshe yake zuwa kamar a Kanuri. Ana koyon sa ta wasan kwamfuta mai kama da dara: ka ji jimla ka motsa ɗan wasa, ko ka ga motsi ka faɗe shi da harshen. Sannan a sa wa mutum wata hula mai wayoyi da ke auna wutar ƙwaƙwalwa. Dalili shi ne, in mutum ya ji kuskuren nahawu a harshen da ya ƙware a kai, kamar wani ya ce "yarinya ya zo", ƙwaƙwalwarsa kan yi wani motsi wajen kashi shida cikin goma na sakan bayan kuskuren. Masana na kiran wannan motsi P600. A binciken da suka wallafa a 2012, sun raba masu koyo gida biyu: wasu aka bayyana musu dokoki irin na aji, wasu aka bar su da sauraren jimloli da yawa tare da ganin ma'anarsu. A wajen amsa tambayoyi rukunin biyu sun yi kunnen doki. Amma da aka ƙware, waɗanda suka koya ta saurare da ma'ana su ne ƙwaƙwalwarsu ta fi yin aiki irin na ɗan asalin harshe.

Sai Sarah Grey, tare da Cristina Sanz da Morgan-Short da Ullman, suka kawo tambayar da ta fi shafar mu, a binciken da ya fito a 2017. Suka ɗauki ɗalibai 13 da suka tashi da Sinanci da Ingilishi tun suna ƙanana, da ɗalibai 16 masu Ingilishi kaɗai, suka koya musu Brocanto2. A makin jarrabawa, babu wani bambanci na a zo a gani. Amma tun a matakin farko na koyo, masu harshe biyu sun nuna wancan motsi na P600 in an yi kuskuren jeren kalmomi, masu harshe ɗaya kuwa sai daga baya suka nuna shi. Wato kan da ya saba da nahawu biyu ya fi saurin karɓar na uku a matsayin harshe.

Yanzu ƴan uwa, a nan ne nake son mu yi hattara, don mu ba ƴan talla ba ne. Mutum 29 ba su da yawa. Kalma goma sha uku ba harshe ba ne cikakke. Ba a zagi da shi, ba a rarrashi da shi, ba a cinikin rago da shi. Kuma kada wani ya fita daga nan ya rubuta a Facebook cewa mai harshe biyu ya fi kowa basira. A 2013 Kenneth Paap da Zachary Greenberg sun gwada wannan iƙirari na cewa masu harshe biyu sun fi iya sarrafa hankali gaba ɗaya, ba su samu tabbacinsa ba, kuma har yau masana na jayayya a kai. Abin da za mu iya tsayawa a kansa da ƙafa biyu shi ne wannan: harshe na biyu ba ya lalata kan yaro, ba ya hana shi kama nahawun wani harshe, kuma akwai alamu masu kyau cewa yana sauƙaƙa masa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe hujjar sambol.

Ku dubi abin da yaron Adar ke shigowa aji da shi ranar farko a CI. In Bahaushe ne, ya san namiji da tamace, ya san jam'i iri-iri, ya san bambancin "ya zo" da "da ya zo" da "yana zuwa". Ya san nan muna cewa "shina tahiya", rediyon Kano na cewa "yana tafiya", bai taɓa ruɗewa ba. Hausarmu ta Adar ma har littafin nahawunta wani masani Bafaranshe, Bernard Caron, ya wallafa a 1991. In yaron na jin Tamajak, ya san harshen da ke iya fara jimla da aikatau, wanda ke nuna tamace da t a farkon kalma da ƙarshenta. In yana jin Fulfulde, yana sarrafa rukunonin suna kusan ashirin ko fiye, ya san Pullo ɗaya ne, Fulɓe da yawa. Da yamma kuma yana makarantar allo, kunnensa na sabawa da Larabci. Je ka kasuwar Tamaske ko ta Ibohaman ka tsaya wajen masu dabbobi, ka ji yadda ɗan shekara goma ke juya harshe tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ku dubi yayyenmu ƴan ci-rani: wanda aka kora daga lakwal wai ba ya da kai, ya je Abijan ya dawo da Julanci da Faransancin titi, ya je Libiya ya dawo da Larabci. Kan nan dai shi ne, bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yadda harshen ya zo masa.

Na san akwai mai tambaya a ransa, kuma tambayar tana da ƙarfi. Zai ce: ai kai da bakinka ka ce waɗanda aka tsunduma cikin harshe ba tare da bayani ba su ne suka fi kama da ƴan asalin harshe, to ba abin da lakwal ke yi ke nan ba, a tsunduma yaro cikin Faransanci tun ranar farko? A'a, ba ɗaya ba ne. A ɗakin gwaji, kowace jimla tana zuwa da ma'anarta a gaban idonka, ka ga ɗan wasa ya motsa. Mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, in ka yi kuskure nan take a nuna maka. Kalmomin goma sha uku ne. Masu koyon manya ne da suka riga suka iya karatu da rubutu da harshensu, kuma ba a ce su koyi lissafi da tarihi da Brocanto2 ba. Yanzu ku kwatanta da aji na zana a wani ƙauye na Karofan ko Garhanga: mushe ɗaya, yara sun cika maƙil, littafi ɗaya hannu da yawa, kuma daga an tashi babu inda yaro zai sake jin Faransanci sai gobe. Ana so ya koyi sabon harshe, ya koyi sirrin haruffa, ya koyi ƙidaya, duka a lokaci guda, da bakin da bai gane ba. Ana maimaita "la lune" da "le soleil", ba wanda ya tsaya ya ce masa: ka ga, a Hausa rana tamace ce, wata namiji, a Faransanci kuwa an juya su. Minti ɗaya na bayani da harshensa zai buɗe masa abin da wata guda na hadda bai buɗe ba. Darasin gwajin shi ne kai na kama doka in akwai ma'ana. In babu ma'ana, sai haddar aku.

Kuma ba sai mun je Washington ba kafin mu ga hujja. Ƙasarmu na cikin waɗanda suka fara gwada koyarwa da harsunan gida a yankin nan. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, da Hausa, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulfulde da Tamajak da Kanuri. Tun kafin nan, a 1964, Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da harsunanmu. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A 2002 wani mai bincike, Mart Hovens, ya wallafa sakamakon gwajin da ya kwatanta makarantun harshe biyu da na Faransanci zalla a Nijar: yaran da suka fara da harshen gida sun fi iya karatu, har da karatun Faransancin kansa, kuma yaran karkara da ƴan mata na cikin waɗanda suka fi amfana. A 2006 wani babban rahoto a kan harshe da ilimi a Afirka, wanda marigayiya Hassana Alidou na cikin marubutansa, ya nuna yaro na buƙatar shekara shida zuwa takwas yana koyon baƙon harshe a matsayin darasi kafin ya iya ɗaukar dukkan karatu da shi. Mu kuwa muna ba shi kwana ɗaya.

Sakamakon ga shi nan a fili. A awon PASEC na 2014, wanda ke gwada yaran ƙasashe masu aiki da Faransanci, ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne a Nijar ya kai matakin da ake so a karatu a ƙarshen firamare. A na 2019 an samu ci gaba, amma har lokacin mafi yawan yaranmu ba su kai ba. A awon 2014 ɗin, ƙasar da ta zo kan gaba a ajin farko-farko ita ce Burundi, ƙasa matalauciya kamar tamu, inda yara ke fara karatu da Kirundi, harshen da suke ji a gida. Talauci na da nasa laifi, ƙarancin malamai da littattafai na da nasu, ba mu musa ba. Amma shekara hamsin ana kiran abu "gwaji", alhali sakamakonsa ya fito tuntuni, wannan ba laifin yaro ba ne.

Yanzu ga sabon lokaci ya zo. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Da yawanmu mun yi murna. Amma ni Bahaushe, ina so in faɗa wa ƴan uwana Hausawa gaskiya: binciken da na kawo muku bai ce Hausa ta fi wani harshe ba. Cewa ya yi yaro na ginawa a kan abin da yake da shi. Yarinyar da ta tashi a zango kusa da Azarori, Tamajak ne harshenta na farko. Yaron rugar da ke kwarin Tarka ko Majiya, Fulfulde ne nasa. In muka cire Faransanci muka ɗora musu Hausa da irin wancan hali, muka yi musu dariya in sun karya ta, to mun sauya wa sambol wuya ne kawai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ɗaliban nan 13 na Georgetown da suka nuna saurin kama nahawu, ba waɗanda aka ƙwace wa harshen gida ba ne; waɗanda suka riƙe duka biyun ne. Riba tana ga ƙari, ba ga musanya ba.

To me muke nema, kuma wa zai yi?

Iyayenmu, da mu da muka fara zama iyaye: ku yi wa ɗiyanku harshenku, ku cika musu kunne da shi. Tatsuniya, kacici-kacici, hira wajen cin tuwo. In uwa Tamajak take ji, uba Hausa, kowa ya yi nasa. In yaro ya gauraya su a jimla ɗaya, ba ciwo ba ne, mu ma manya haka muke yi, ga shi kuna ji ina cewa lakwal da tablo. Faransancin da za ka yi wa ɗanka a karye bai kai Hausar da za ka yi masa cikakkiya amfani ba.

Malamanmu na lakwal: mun san halin da kuke aiki a ciki, ba mu zo ɗora muku laifi ba. Roƙonmu biyu ne. Kada a sake hukunta yaro don ya yi harshensa. Kuma in za ku koyar da dokar Faransanci ko Ingilishi, ku fara da tambayar yara yadda ake faɗin abin a harshensu, su gano bambancin da kansu, kamar yadda kuka gano "mik pelu nebo" ɗazu.

Hukumomin ilimi na jiha da insifektoci da shugabannin kwamin-kwamin: muna so a riƙa duba harshen gari kafin a tura malamin ƙananan azuzuwa. Muna so a gaya wa jama'a, a rubuce, makarantu nawa ne ke koyarwa da harshen gida a Madawa da Buza da Kaita, da wane harshe, littattafai nawa suka iso, malamai nawa aka horar. Wannan ba sirrin gwamnati ba ne, haƙƙin iyaye ne. Za mu rubuta takarda mu nema, kuma za mu sa amsar a wannan shafi namu, ko mu sanar cewa ba a amsa ba.

Ɗalibanmu na jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ta Abdou Moumouni: duk gwaje-gwajen ƙirƙirarren harshe da na lissafa, a Amurka da Turai aka yi su. Babu ɗaya cikinsu da ya shafi yaron da ke jin Hausa da Tamajak da Fulfulde. Ga filin bincike a ƙofar gidanku. Ba dole sai da hula mai wayoyi ba. Gwajin Jean Berko da zane a takarda aka yi shi. Kalmomi goma, hotuna, wayar salula ta ɗaukar murya, izinin iyaye da na makaranta, da malami mai sa ido a kan tsarin aikin, sun isa a fara. Shin yaron da ya saba da rukunonin sunan Fulfulde ya fi saurin kama jinsi a sabon harshe? Shin mai Tamajak ya fi saurin karɓar jimlar da ta fara da aikatau? Duniyar masana na buƙatar waɗannan amsoshi, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Mu kuma ƴan ƙungiya, kada mu tsaya ga nuna yatsa. Babban hutu mai zuwa, kowane reshe ya tara yaran unguwa awa ɗaya a rana, a karanta musu labari da harshensu, a koya musu haruffa da shi. Wanda ke rubutu a WhatsApp da Facebook ya koyi rubuta harshensa daidai, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don ɓata daban, bata daban. Wanda ya iya Tamajak ko Fulfulde a cikinmu ya ba da sunansa kafin a tashi, muna buƙatar sa ƙwarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In wani ya sake ce muku harsuna sun rikita yaro, ku tambaye shi hujjarsa, ku kuma ba shi taku cikin ladabi. Yaranmu na zuwa makaranta da nahawu biyu, wasu uku, a kansu. Abin da ya rage shi ne makaranta ta san da haka, ta yi aiki da shi.

Fili a buɗe yake ga tambaya da gyara, musamman daga malamanmu da ke cikin aji kullum. Allah ya raya muna zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.